Garnaɗa: Tsakanin Zamiyar Ƙanƙara Da Ɗaukar Izina

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ya 'yan'uwana matasa, wata safiya cikin hunturu, bayan mun tashi daga darasi a Islamiyyarmu da ke Sabon Gari, wani tsohon ɗalibina da ke karatu a Jami'ar Ahmadu Bello, Samaru, ya miƙo mini wayarsa. Tallar hutu ce a wani birni na ƙasar Sifaniya: ka yi zamiya a kan dusar ƙanƙara da safe, ka zaga tsohuwar fada da yamma. Ya ce, "Malam, in Allah Ya hore mini, nan zan fara zuwa." Na tambaye shi ko ya san mutanen da suka gina fadar. Ya yi shiru. Shirun nan nasa ne dalilin wannan rubutu.

Birnin shi ne Granada, wanda littattafanmu ke kira Garnaɗa, daula ta ƙarshe da Musulmi suka riƙe a Andalus. Yana gindin duwatsun Sierra Nevada, waɗanda Larabawa suka kira Jabalus Salji, wato dutsen ƙanƙara. Filin zamiyar bai fi tafiyar kilomita talatin da 'yan kai daga gari ba, kuma a can aka yi gasar duniya ta wannan wasa a shekarar 1996. Ƙololuwar da ta fi kowace tsawo, mai kimanin mita 3,479, sunanta Mulhacen, kuma wannan suna gurɓatawar Maulaya Hasan ne, wato Sarki Abul Hasan Ali, mahaifin sarkin Garnaɗa na ƙarshe.

Kada a fahimce ni a baibai. Ban ce hutu haramun ne ba, ban kuma ce motsa jiki a kan ƙanƙara laifi ne ba, matuƙar an kiyaye salla da sutura, kuma kuɗin tafiyar bai tauye haƙƙin iyaye da iyali ba. Abin da nake ƙi shi ne Musulmi ya je Garnaɗa ya dawo da hotuna kawai, alhali Alƙur'ani ya kwaɗaitar da mu a wurare da dama cewa tafiya a bayan ƙasa ta zamo da lura da ƙarshen waɗanda suka gabata.

Domin kuwa Garnaɗa ba baƙuwa ba ce a zaurukanmu. Littafin Tuhfatul Hukkam, wanda alƙalanmu ke dogaro da shi a kotunan shari'a, Ibn Asim ne ya wallafa shi, alƙalin Garnaɗa da ya rasu a 1426. Imam Shaɗibi mai Muwafaƙat a can ya rayu, a can ya rasu a 1388. Abu Ishaƙ Sahili, wanda ya biyo Mansa Musa zuwa ƙasar Mali bayan aikin hajjin 1324, shi ma ɗan garin ne. Ashe mun daɗe muna shan ruwan rijiyar, ba mu tambayi wanda ya haƙa ta ba.

To, yaya aka yi garin ya kuɓuce? Ba ƙarfin abokan gaba kaɗai ba ne. A shekarunsa na ƙarshe, Abul Hasan da ɗansa Abu Abdillahi da ƙanensa Zagal sun yi ta yaƙar juna a kan gadon sarauta, Ferdinand da Isabella kuma suna cin garuruwa ɗaya bayan ɗaya. In bango bai tsage ba, ƙadangare ba ya samun wurin shiga. Ranar 2 ga Janairu, 1492, aka miƙa makullan fadar Alhamra bisa alkawarin za a bar wa Musulmi addininsu. Shekara bakwai kacal aka yi, aka fara tilasta musu ridda, aka ƙone littattafansu a dandalin gari. Daga 1609 aka shiga korar jikokinsu daga ƙasar baki ɗaya. Sai a 2003 aka buɗe babban masallaci a unguwar Albaicin, daura da Alhamra, bayan kimanin shekara ɗari biyar.

Wani zai ce, "Malam, mutum hutu ya je yi, ba kukan tarihi ba." Gaskiya ne, zuciya tana bukatar sararawa, kuma ba kuka nake nema ba. Kuka bai taɓa maido da gari ba. Abin da nake nema ilimi ne: ka san cewa jama'ar da ta gina Alhamra, ta haifi Shaɗibi, ta iya rushewa sa'ad da manyanta suka fifita kujera a kan haɗin kai. Wanda ya san haka, zai yi tunani kafin ya zauna a intanet yana zagin ɗan'uwansa saboda saɓanin malamai.

Kuma ba sai ka sami biza ba kafin ka fara. Ga Kufena nan ana hango shi daga Samaru in hazo ya yi sauƙi, da ragowar tsohuwar ganuwa a kewayensa, shaidar mutanen da suka zauni wurin tun farkon tarihin Zazzau. Mu nawa ne muka hau shi don shaƙatawa, muka sauko ba mu tambayi ina masu ganuwar suka tafi ba? Wanda bai iya karanta dutsen ƙofar gidansa ba, da wuya ya karanta na Andalus.

Ɗalibin nawa na ba shi aron Tuhfa, na ce ya fara karanta tarihin marubucin kafin ya nemi tikitin jirgi. In Allah Ya kai shi, ya yi zamiyarsa lafiya, ya sauko ya sallaci Azahar a Albaicin, ya yi wa malamanmu na can addu'a.

Allah Ya sa mu cikin masu lura. Wassalamu alaikum.