Ƙwayar Cutar Da Ta Ƙi Mutuwa

Makon jiya na kai filashina wani shagon buga takardu domin a fitar mini da babi uku na littafin da na shekara biyu ina rubutawa. Da na dawo gida na soka shi a kwamfutata, sai na tarar kowane fayil ya rikiɗe ya zama alama mai 'yar kibiya. Na danna ɗaya, rubutuna ko sama ko ƙasa. Gabana ya faɗi, domin ba ni da wani kwafi.

Manhajar riga-kafi ta kama cutar ta goge, amma ina sake kunna na'urar sai ga ta ta dawo. Irin wannan ƙwayar cuta takan rubuta sunanta cikin jerin manhajojin da ke tashi tare da Windows, don haka duk kunnawa farfaɗowa take yi.

Daga bisani na katse intanet, na zare filashin, na yi amfani da Microsoft Defender Offline, wanda ke binciken na'ura ba tare da Windows ta tashi ba. A nan ta shiga hannu. Sannan na umarci kwamfutar ta nuna ɓoyayyun fayiloli, har da waɗanda take karewa. Ashe ba a goge rubutuna ba, ɓoye shi aka yi. Na kwashe shi, na wanke filashin tas.

Ɗalibai masu rubuta kundin kammala karatu, ku ajiye kwafi a wuri biyu, ku tura abin bugawa ta imel, kuma kada ku danna alamar nan mai kibiya. Dannawar ce ke sakin cutar.