Bakolori: Tafkin da ya girmi taswirar da ake dogaro da ita, ko ita ta girme shi?

Galibin taswirorin tudu da kwari na arewacin Najeriya, masu ma'aunin 1:50,000, an zana su ne tun shekarun 1960 daga hotunan da aka ɗauka ta jirgin sama. Madatsar ruwa ta Bakolori kuwa, wadda ke kan kogin Sakkwato tsakanin Maradun da Talata Mafara, sai a 1978 aka kammala ta. Ke nan inda tsohuwar taswira ke nuna ƙauye ko fadama, yau ruwa ne ya mamaye kimanin hekta 8,000.

Taswirar tudu da kwari ta fi ta wayar hannu faɗar abubuwa. Layukanta suna nuna tsayin ƙasa, da inda ruwa zai bi idan kogi ya cika, da turba, da burtali, da mashigi. Gaɓar tafkin Bakolori ba ta zama wuri guda: da rani ruwa ya janye, manoma su bi danshi, da damina ya dawo ya shafe hanyar da aka bi jiya.

Wannan na da alaƙa da tsaro. A Agustan 2021 'yan bindiga sun sace mutane a Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, a farkon Satumba suka kwashe ɗalibai a Kaya da ke Maradun. Mahara kan zo a kan babura ta hanyoyin da suka sani kamar yunwar cikinsu, jami'in da aka turo daga nesa kuwa kwalta kawai ya sani. Da aka katse layukan sadarwa a Zamfara a watan, taswirar da ke jiran intanet ta rasa amfani.

Akwai kuma batun gona. Rikicin Afrilun 1980, wanda aka rasa rayuka a cikinsa, ya samo asali ne daga diyya da rabon filaye. Iyakar da ba a rubuce take ba, mai ƙarfi ne ke faɗar inda take.

Sabunta taswira aikin Ofishin Safiyo-Janar na Tarayya ne da na jiha, da Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Hoton tauraron ɗan'adam zai nuna gaɓa da dutse. Sunan mashigi da watan da yake ƙetaruwa kuwa, sai an tambayi masunta, makiyaya da mafarauta, kuma da yawansu rashin tsaro ya riga ya raba su da garuruwansu.