Hirar Iyali: Ranar da Jaki Ma Yake Hutawa

 Zancenmu na wannan wata a kan hutu ne, abin da ya jawo shi kuwa wata yarinya ce a ajina.

Yarinyar ba ta wuce shekara 12 ba. Kowace Litinin, kafin mu gama darasi na fari, sai in ga kanta ya kwanta a kan tebur. Da na gaji da tsawatarwa, sai na kira ta gefe na ce, "'Yata, me yake hana ki barci a gida?" Ashe daga ƙauye aka kawo ta wani gida a Tarauni domin ta riƙa taimakon aiki, su kuma su sa ta makaranta. Ran Asabar wankin gidan duka nata ne. Ran Lahadi, sa'ad da iyalin suka tafi sujada, ita ake bari da girki saboda baƙi. Na ce mata, "To, wace rana ce ranar hutunki?" Sai ta dube ni kamar na yi mata wani baƙon yare. Masu gidan nan kuwa ba mugayen mutane ba ne, ba su fashin sujada, ba su hana ta abinci. Abin dai bai taɓa zuwa musu a rai ba.

Ba ita kaɗai ba ce. Duk wanda ya bi titin Zariya daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa Unguwa Uku ya san abin da nake faɗi. A tashar mota, direba da kwandasta da ɗan dako ba su san bambancin Talata da Lahadi ba. A kasuwar 'Yan Awaki haka abin yake. Mai tuƙa adaidaita sahu kuwa, wanda mai mashin yake jiran kuɗinsa kowace yamma, in ka ce masa ya huta yau, sai ya tambaye ka wa zai biya masa na yau ɗin. Tambaya ce mai ma'ana, za mu kuwa komo kanta.

Abin mamaki shi ne, kalmar hutu tana bakinmu kowane mako ba mu sani ba. Sunan nan Asabar daga Larabci muka samo shi, asalinsa kuwa ɗaya ne da kalmar Ibrananci Shabbat, watau dainawa, ko tsayawa daga aiki. Saboda haka duk wata Asabe da duk wani Ɗan'asabe sunan hutu suke ɗauke da shi. Yahudawa ne suka riƙe wannan rana shekaru dubbai, ya kamata kuwa mu duba yadda suke yi, ko ma sami abin koyo.

A wurinsu Asabar tana farawa tun faɗuwar rana ran Jumma'a, ba ta ƙarewa sai taurari sun fito daren Asabar, watau wajen awa 25 ke nan. Kafin rana ta faɗi an gama girki, an yi shara, an yi wanka. Uwargida takan kunna kyandir biyu, a ajiye gurasa biyu a kan tebur, a sa albarka a kan ƙoƙon ruwan inabi, iyaye su sa wa 'ya'yansu albarka, sa'an nan a ci abinci a natse. Malamansu na dā sun lasafta ayyuka iri 39 waɗanda ba a yi a ranar, an kuwa rubuta su cikin littafinsu na Mishna wajen shekara ta 200 bayan haihuwar Almasihu. In ka ji jerin sai ka ce a ƙasar Hausa aka tsara shi: huɗa, shuka, girbi, sussuka, shiƙa, niƙa, tankaɗe, kwaɓi, kaɗi, rini, saƙa, ɗinki, yanka, jima, rubutu, gini, hura wuta, da fita da kaya daga gida zuwa titi. Amma in rai yana cikin hatsari, duk waɗannan dokoki sai su kauce, gama ceton rai ya fi su. Ba dukan Yahudawan yau suke kiyaye ranar haka filla-filla ba, amma masu kiyayewa suna da yawa.

Ga abin da nake so mu lura da shi. In ka buɗe Maimaitawar Shari'a sura 5, za ka ga ba maigida kaɗai aka ba hutun nan ba. An ambaci ɗa da 'ya, da bara namiji da ta mace, da sa, da jaki, da baƙon da yake zaune a garin. Dalilin da aka bayar kuwa shi ne, su kansu sun taɓa zama bayi a Masar, sun san zafin aikin da ba shi da ranar tsayawa. Watau dokar ba ta tsaya ga cewa ka huta ba, ta ce ka hutar da wanda yake ƙarƙashin hannunka. Maigida yana iya hutawa duk ran da ya ga dama. Bara da jaki su ne ba su da bakin magana, don haka aka sa doka ta yi magana a madadinsu.

To, amma yaya mutum ɗaya zai rufe rumfarsa alhali maƙwabcinsa yana ciniki? Ba shi yiwuwa, sai in jama'a ce ta tsaya tare. A nan ne majami'a ta shigo. Sunanta da Ibrananci ma'anarsa gidan taruwa. Bayan da Romawa suka rushe Haikalin Urushalima a shekara ta 70, majami'a ce ta zama cibiyar zaman Yahudawa a duk ƙasar da suka watsu. Ita ce wurin addu'a, ita ce makaranta, a nan ake shawara, matafiyi kuma yakan sami masauki. Ana karanta Attaura kashi-kashi har a sauke ta cikin shekara guda. Ran Asabar akan kira mutum bakwai daga cikin jama'a zuwa wurin karatun, ana kuma yin ɗan gajeren karatu ran Litinin da Alhamis, waɗanda a dā ranakun kasuwa ne. A irin wannan majami'a ce Yesu ya miƙe ya yi karatu a Nazarat, kamar yadda Luka sura 4 ta nuna.

Akwai ƙa'idodi biyu da suka ɗaure jama'ar majami'a wuri ɗaya. Ta fari, bisa ga al'adarsu ta dā, ba a yin addu'ar jama'a sai an sami manyan maza goma. Komai ilimin mutum, komai dukiyarsa, in su tara ne dole su jira na goma, ko da shi ne matalaucin unguwar. Wannan ya faru a nan Afirka ta Yamma. Wajen 1860 wani malamin Yahudawa ɗan kasuwa mai suna Mordekai Abi Serur ya ƙetare hamada daga garin Akka na Maroko ya zauna a Tumbutu. Ciniki ya karɓe shi, amma bai ga zama ya cika ba, sai da ya jawo 'yan'uwansa har suka kai maza 11, sa'an nan suka kafa majami'a. A ƙasarmu ma akwai 'yan kabilar Ibo masu bin addinin Yahudanci da suke da majami'u, kamar ta Gihon a Jikwoyi ta Abuja.

Ƙa'ida ta biyu, mai kiyaye Asabar sosai ba ya shiga mota a ranar. Ashe ke nan tilas ya kama gida inda zai iya takawa da ƙafa zuwa majami'a. Da haka mai kuɗi da talaka suka zama maƙwabta, suna tafiya hanya ɗaya, yaransu suna wasa tare, in wani bai zo ba a lura, a leƙa gidansa a ga ko lafiya.

Yanzu bari mu komo kan tambayar mai adaidaita, wa zai biya masa na yau? Malamansu sun san wannan tambaya, sun kuwa amsa ta da aiki, ba da wa'azi kaɗai ba. Kowane gari yana da asusun matalauta. Mutum biyu ne suke tara kuɗin, mutum uku suke rabawa, domin kada a yi zargi, ran Jumma'a kuwa ake rabon, a ba matalaucin garin abin da zai ishe shi mako guda. Ban da wannan akwai akushin abinci da ake tarawa gida-gida kowace rana saboda wanda ba shi da na yau. Kun gani, kafin a ce wa talaka ya ajiye aiki, an riga an sa masa abinci a gaba. Mu mutanen Kano mun ɗanɗana kishiyar wannan a watan Afrilu na 2020, sa'ad da aka kulle gari saboda annobar korona. Tituna sun yi tsit, amma wanda sai ya fita yake samun na cefane bai kira abin hutu ba. Hutun da ba a yi masa tanadi ba, yunwa ce kawai.

Daɗin daɗawa, ba mako kaɗai yake da Asabar ba, shekaru ma suna da tasu. Littafin Firistoci sura 25 ya umarta a noma ƙasa shekara shida, a ta bakwai a bar ta ta huta. Abin da ya tsiro don kansa na kowa ne, da mai gona, da bara, da baƙo, har da namomin jeji. Maimaitawar Shari'a sura 15 kuma ta ce a wannan shekara a yafe bashi. Bayan bakwai sau bakwai, a shekara ta 50, gonar da talauci ya sa aka sayar sai ta koma ga zuriyar masu ita. Har wa yau ana ƙidaya shekarar hutun a ƙasar Isra'ila. An yi ta daga Satumba 2021 zuwa Satumba 2022, mai zuwa kuwa za ta fara a Satumba 2028. Daga nan ne ma jami'o'i suka aro hutun shekara guda da malamansu suke ɗauka. Jami'ar Harvard ta Amurka ce ta fara shi a 1880, malaman jami'o'inmu ma suna yi.

Kada mu ce abin ya zo musu da sauƙi. Da masu kuɗi suka ga shekarar yafe bashi tana matsowa, sai suka daina ba talaka rance. Wani babban malaminsu mai suna Hillel, wanda ya yi zamani da Sarki Hirudus, ya ga dokar da aka yi domin talaka ta koma tana cutar talaka, sai ya fito da wata takarda wadda mai ba da rance zai miƙa bashinsa ga kotu, don kada ƙofar rance ta rufu. Manomanmu ma sun san saura, watau gonar da aka bari ta huta, amma a kewayen birnin Kano, inda mutane suka yi yawa gonaki suka ƙanƙance, tun da daɗewa ana noma gona kowace shekara, sai dai a ciyar da ita da taki. Ba wanda zai ce wa mai gona ɗaya tak ya bar ta shekara guda. Abin da za mu riƙe shi ne manufar: kada a tatse ƙasa, ko dabba, ko mutum, har ya ƙare.

Mu ba a ɗora mana ayyukan nan 39 ba. Ubangijinmu ya warkar da marasa lafiya ran Asabar, ya kuma nuna cewa domin amfanin mutum aka kafa ranar. Amma ina tsoro kada mu ɗauki 'yancin mu yar da jinƙan. Saboda haka ga shawara uku.

Ta ɗaya, uwargida da maigida, ku zauna yau ku lasafta duk wanda yake ƙarƙashin hannunku: 'yar aiki, yaron shago, mai koyon sana'a, mai gadi, wanda kuka ba mashin. Ku sa wa kowannensu ranar hutu cikin mako, ku faɗa masa da baki, kada kuma ku rage masa ko kwabo saboda ita. In Musulmi ne, ku tambaye shi ko Jumma'a ta fi masa.

Ta biyu, ku koyi shiri tun jajibere. Miyar Lahadi a dafa ta ran Asabar, kowa ya sa hannu, har da 'ya'ya maza. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya.

Ta uku, dattawan ikkilisiya da zumuntar mata, ku duba cikinku, wa ba ya zuwa sujada domin in ya zo ba za a ɗora tukunya a gidansa ba? Kafin a kai masa tsawatarwa, a kai masa mudun hatsi. Wanda kuma yake bin ɗan'uwa bashin da ya san ba zai iya biya ba, ya yi tunani ko lokacin yafewa bai yi ba.

Game da yarinyar nan, na je na gaishe da masu gidan, muka yi magana a tsanake. Uwargidan ta yi shiru, can ta ce, "Malam, gaskiya ban taɓa tunanin abin ba." Yanzu da ita ake zuwa sujada, wankin Asabar kuma an raba shi tsakaninta da yaran gidan. Har yanzu lissafi yana ba ta wuya, amma ran Litinin idonta biyu.

A daren yau, bayan addu'ar iyali, ku yi wa junanku wannan tambaya: a gidan nan, wa ke aiki sa'ad da mu muke hutawa? Allah ya ba mu kunnen ji. Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya kai mu.