Kunun Gyaɗa Da Ƙwan Jariri: Yadda Likitocin Turai Suka Yi Amai Suka Lashe

A shekarar 2007, lokacin da Allah Ya ba mu ɗanmu na fari, an yi ɗan takun-saƙa a gidana tsakanin mai ɗakina da mahaifiyata, kuma ba a kan komai ba sai kunun gyaɗa. Yaro ya shiga wata bakwai, Hajiya ta dama kunu ta ce a ɗanɗana masa. Mai ɗakina kuwa ta ɗauko wani littafin renon jarirai da aka buga a Amurka, ta nuna mini inda aka ce a nisanta yaro da gyaɗa sai ya shekara uku. Ni da nake taƙama da boko sai na goyi bayan littafi. Hajiya ta ɗauke kofinta ta ce, "To, da me aka raine ka?" Yau ga shi ilimin likitanci ya dawo kan maganarta, shi ya sa na ga ya dace in ja hankalin masu karatu kan yadda aka yi haka.

Kasancewar fannina nazarin harshe ne, bari in fara da suna. Cutar da ake magana a kanta ita ce wadda garkuwar jiki ke ɗaukar wani abinci tamkar abokin gaba, ta far masa, har fata ta yi rudu-rudu, leɓɓa su kumbura, wani lokaci numfashi ya sarƙe cikin 'yan mintoci. Wasu na cewa borin jini, wasu kuma sun aro kalmar Turanci suna cewa alaji, wadda a kunnen Bahaushe ta fi kama da laƙabin wanda ya sauke farali. Talakan gari kuwa cewa yake "jikinsa ba ya karɓa". Rashin tsayayyen suna guda na cikin dalilan da ke sa uwa ta ga alamar a jikin ɗanta ta danganta ta da haƙori ko iska.

Idan ba a manta ba, a shekarar 1998 hukumomin lafiya na Birtaniya suka shawarci iyalan da ke da gadon wannan cuta da su hana yara gyaɗa har su kai shekara uku. A 2000 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta bi sahu, ta ce yaran da ake jin tsoron kamuwarsu a jinkirta musu madarar shanu zuwa shekara ɗaya, ƙwai zuwa shekara biyu, gyaɗa da kifi kuma zuwa shekara uku. Shawarar ta yi daidai da tunanin kowa, domin abin da ake tsoro ai nisantarsa ake yi. Sai dai ba a gina ta a kan wani ƙwaƙƙwaran gwaji ba, kuma a shekarun da ake binta yawan masu cutar ƙaruwa ya yi ta yi. Aka yi gudun gara aka faɗa gidan zago. A 2008 ƙungiyar ta Amurka ta janye shawarar.

Wanda ya warware zare shi ne Farfesa Gideon Lack na King's College da ke Landan. Shi da abokan aikinsa sun kwatanta 'ya'yan Yahudawa mazauna Birtaniya da takwarorinsu na Isra'ila, suka buga sakamakon a 2008: borin gyaɗa ya ninka kusan sau goma a tsakanin na Birtaniya, alhali tsatso ɗaya ne. Bambancin shi ne jariran Isra'ila na cin wani abin maƙulashe na gyaɗa mai suna Bamba tun kafin su shekara. Daga nan aka shirya gwajin da ake kira LEAP, inda aka ɗauki jarirai 640 'yan wata 4 zuwa 11 masu fama da kirci mai tsanani ko borin ƙwai, aka raba su gida biyu. Kashi ɗaya aka riƙa ba su gyaɗa duk mako, ɗaya kashin aka hana su. Da suka cika shekara biyar, kimanin kashi 17 cikin 100 na waɗanda aka hana sun kamu, waɗanda aka ba kuwa kashi 3 kacal. An buga wannan a 2015. Da aka sake bibiyar yaran bayan sun haura shekara 12, rahoton 2024 ya nuna kariyar tana nan. Tun a 2017 Amurka ta sauya ƙa'ida, ta ce a fara bai wa jarirai gyaɗa tun suna wata huɗu zuwa shida, gwargwadon haɗarin da kowane ke ciki.

Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne cewa hanyar da abinci ya fara bi ya sadu da garkuwar jiki tana da tasiri. Idan ta baki ya shiga, hanji kan koya wa jiki ya amince da shi. Idan kuwa ƙurarsa ko mansa ne ya fara ratsa fatar da kirci ya tsattsaga, jiki kan ɗauke shi maƙiyi. Ke nan yaron da ake cin gyaɗa a gidansu amma shi aka hana shi, an bar masa ƙofar haɗari a buɗe, an rufe ta kariya.

Amma fa kada mai karatu ya ɗauka an gama magana. Gwajin EAT na 2016, wanda aka yi kan jarirai 1,303 da abinci iri shida, wato gyaɗa, ƙwai, madara, riɗi, kifi da alkama, bai nuna gagarumin bambanci ba idan aka haɗa kowa da kowa, saboda iyayen da suka iya bin tsarin sau da ƙafa ba su kai rabi ba. A Ostireliya ma, inda iyaye suka rungumi sabuwar shawara sosai, raguwar da aka ba da rahotonta a 2022 'yar kaɗan ce. Hujja ta fi ƙarfi a kan gyaɗa da ƙwai, kuma ɗanɗanawa sau ɗaya a ajiye ba ta wadatarwa, sai an ci gaba da bayarwa.

To, ina ruwan ƙasar dalar gyaɗa da wannan batu? Ruwanmu a ciki ta fuska uku ne. Na farko, mu ma'aikata 'yan boko mu ne muke watsi da kunun gyaɗa muna komawa ga abincin gwangwani, muna kuma karanta tsofaffin shawarwari a intanet ba tare da duba shekarar da aka rubuta su ba, ga kuma 'ya'yanmu da jikokinmu da ake haifa a Ingila da Amurka. Na biyu, muna da namu canfin: har yanzu akwai gidajen da ake hana yaro ƙwai wai don kada ya tashi ɓarawo. A nan ilimin zamani bai goyi bayan kakanni ba. Na uku, gyaɗarmu na da nata haɗarin, wato gubar afulatoksin da ke fitowa daga fumfunar gyaɗar da ba a busar da ita sosai ba, wadda ke lahani ga hanta. Don haka wadda za a ba jariri sai an tsince ta da kyau.

Abin da ya kamata uwa ta riƙe shi ne, Hukumar Lafiya ta Duniya na nan kan shawararta ta shayar da nono zalla tsawon wata shida. Idan an fara ba da abinci, a sa gyaɗa da aka niƙa luƙwi cikin kunu, da ƙwai da ya dahu sarai, kaɗan-kaɗan, iri ɗaya a lokaci guda, da rana, ana lura da yaron. Ba a ba ƙaramin yaro ƙwayar gyaɗa ko gutsuren ƙuli-ƙuli, don gudun shaƙewa. Jaririn da ke da kirci mai tsanani, ko wanda ya taɓa yin bori da wani abinci, sai likita ya duba shi tukuna. Idan aka ga kumburin fuska, amai ko sarƙewar numfashi, a garzaya asibiti.

Kirana ga ma'aikatun lafiya na jihohinmu shi ne su sanya wannan bayani cikin jawabin da ake yi wa mata ranar awo da ranar rigakafi, su kuma haɗa likitoci da masana harshe a tsayar da suna guda da kowa zai gane. Ni dai tuni na je na ba Hajiya haƙuri. Ta yi dariya ta ce ai dama ta riƙa ba shi kunun a ɓoye. Allah Ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya, amin.