Buhun masara a cikin waya: kafin mu fara tafi

1/ Duk kaka a Birchi abu ɗaya nake gani. Baba ya gama casar masara, bashin taki na jira, sai a loda buhuna zuwa kasuwar Dutsin-Ma a sayar da araha. Damina na faɗuwa mu koma sayen masarar nan da tsada. Shi ya sa zancen tokin ya tsaya min a rai. Ba danne-dannen Hamster Kombat da muka sha a 2024 nake nufi ba fa.

2/ Ga yadda abin yake. Ka kai buhu 10 sito mai rajista, a auna, a ba ka rasit. Sai a rubuta rasit ɗin a bulokcen, wato kundin da ke kan kwamfutoci da yawa, mutum ɗaya ba ya iya goge shi. Tokin ke nan. Ka sayar da buhu 2 ta waya ka biya bashi, 8 su jira farashi.

3/ Doka ma ta buɗe ƙofa. A Maris 2025 Tinubu ya sa hannu kan sabuwar dokar zuba jari, ta sa kadarorin intanet da rasit ɗin sito ƙarƙashin kulawar hukumar SEC.

4/ Amma jama'a, ga inda nake ja da masu zumuɗi. Bulokcen ba ya shiga sito. In mai sito ya rubuta buhu 10 alhali 6 ne a ƙasa, kundin zai adana ƙaryar nan tsaf. Wa ke zuwa ƙirga buhunan? In ƙwari suka cinye, ko gobara ta tashi, ko 'yan bindiga suka kwashe, wa zai biya Baba? A yankinmu wannan ba tambayar wasa ba ce, wallahi.

5/ Kun manta Satumban 2021? Aka katse layukan waya a Kurfi da Dutsin-Ma, muka yi watanni ba sabis. Da masararka na cikin waya, da yaya za ka sayar?

6/ eNaira ma an ƙaddamar da ita a Oktoban shekarar. Wa ya taɓa sayen ko goro da ita a Birchi?

7/ Ina son tsarin nan ya zo, sosai ma. Amma duk wanda zai tallata min tokin, ya nuna min lasisinsa na SEC, ya kuma faɗa min garin da sitonsa yake. Zan hau babur in je in ƙirga da kaina.