Wasiƙar Yara Ga Baban Kirsimeti: Wa Zai Amsa?

Wata al'ada tana shigo mana ta talabijin da wayar hannu: yara su rubuta wa Baban Kirsimeti wasiƙa cikin ladabi, suna roƙon kyauta. A Amurka, tun 1912 gidan waya ya yarda a riƙa amsa irin wasiƙun nan. Mutane ne ke sayen kyautar.

To, a ƙauyukanmu na Bichi da Dambatta fa? Kayan Kirsimeti daga rumbu suke fitowa. Sai uba ya sayar da gyaɗa ko wake kafin yaro ya sami riga da takalmi. In damina ta ƙi, yaron da bai samu ba zai ɗauka laifinsa ne, domin an ce masu kirki kaɗai ake ba.

Asalin labarin Nikolas ne, bishop na Mira a Turkiyya ta yau, a ƙarni na 4, wanda ya taimaki matalauta a ɓoye. Bari yaran Makarantar Lahadi su rubuta, dattawan ikilisiya su karanta, su amsa daga baikon kaka, su fara da marayu.