Gida Da Ƙofa, Amma Babu Kwaɗo

Mai karatu, a ce maka magini ya gama maka gida tsaf, ya kafa ƙyaure, sannan ya ce kwaɗon kuwa sai ka je wata ƙasa ka nemo, domin a garinsa laifi ne ya ba ka. Haka babbar manhajar kwamfuta ta zauna shekaru da dama, kuma kan wannan nake son mu ɗan tattauna yau.

Kwaɗon da nake nufi shi ne fasahar ɓoye bayanai, wato ƙa'idojin lissafin da ke rikita saƙo ta yadda babu mai karanta shi sai mai mabuɗi. Har zuwa ƙarshen 1996 gwamnatin Amurka na lissafa wannan fasaha cikin jerin makaman yaƙi. Phil Zimmermann, wanda ya rubuta PGP a 1991, ya sha bincike na kusan shekara 3 saboda manhajarsa ta tsallaka iyaka, sai a 1996 aka ƙyale shi. Shi ya sa Netscape ke yin manhajar shiga intanet iri biyu: mai ƙarfi ga 'yan gida, mai raunin mabuɗi ga sauran duniya. Mu nan muna cikin sauran duniyar, idan mai karatu bai lura ba.

Masu buɗaɗɗiyar manhaja, wadda kowa ke iya duba cikinta ya gyara, sai kowa ya nemi dabararsa. Debian suka ware wata ma'ajiya a wajen Amurka, duk mai son kwaɗo ya je can ya ɗauko da kansa. To mutum nawa ne za su je? Yawanci abin da aka samu a cikin faifai da shi ake aiki, iyakarta ke nan. Shi kuwa Theo de Raadt, wanda ya kafa OpenBSD a 1995, a birnin Calgary na Kanada yake zaune, inda dokar ba ta hana fitar da irin wannan manhaja ta kyauta ba. Sai ya ce tasa babbar manhajar da kwaɗonta za ta fito, ba sai an nema ba. A Disamba 1999 OpenBSD 2.6 ta fito ɗauke da OpenSSH, hanyar shiga kwamfuta daga nesa a asirce. Kafin nan da yawa da telnet suke aiki, wadda ke aika kalmar sirrinka tsirara a kan waya, duk wanda ya kasa kunne ya ji. Yau OpenSSH na cikin Linux da kwamfutocin Apple, har Windows ma ta ɗauke ta.

A nawa ra'ayin de Raadt ne ke da gaskiya, kuma lokaci ya nuna. Amurka ta sassauta dokarta a Janairu 2000, haƙƙin mallakar RSA ya ƙare a Satumbar shekarar, Debian kuma suka dawo da kwaɗon cikin gida. Sai dai ɓarnar tsohuwar doka ba ta tafi da ita ba: a 2015 masu bincike suka gano har lokacin ana iya yaudarar wasu shafuka su koma kan waɗancan raunanan mabuɗai da aka ƙera wa baƙi.

Masu adawa da cusa kwaɗon cikin babbar manhaja suna da magana, ba zan ɓoye ta ba. Sun ce idan kowa kwaɗo ɗaya yake amfani da shi, ranar da ya lalace dukkan gari a buɗe yake. Kuma an gani. A 2006 wani mai kula da OpenSSL a Debian ya cire wasu 'yan layuka da nufin gyara, ashe su ne ke samar da lambobin da ba a iya hasashensu. Shekara kusan 2 ana ƙera mabuɗai daga cikin kimanin dubu 32 kacal, abin da kwamfuta za ta gwada duka kafin ka gama shan shayi. Sai a Mayu 2008 Luciano Bello ya gano. Sannan ga Heartbleed a Afrilu 2014, ɓarakar da ta zauna cikin OpenSSL tun 2012, alhali 'yan tsiraru ne ke kula da ita, mafi yawansu aikin sa kai.

Amma a duba da kyau. Wannan hujja ce a kan sakaci, ba a kan haɗa kwaɗo da gida ba. Da a ce kowace manhaja da nata take yawo, wa zai bi su ɗaya bayan ɗaya ranar gyara? Da yake wuri guda ne, gyara guda ya isa kowa. Abin da nake cewa shi ne, wanda ya sa kwaɗo a manhajarsa ya ɗauki amana, ba ya da bakin cewa ai wasu ne suka rubuta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mutanen OpenBSD ba su tsaya zargi ba; a cikin watan da Heartbleed ta bayyana suka ɗauki OpenSSL suka share dubban layukan da suka tsufa, har da na wasu injinan da an daina amfani da su tuntuni, suka sa mata suna LibreSSL. A Nuwamba 2014 ta fito cikin OpenBSD 5.6.